Kusurwa biyu a kan layi ɗaya: a nuna wa yaranmu da hannu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni kafinta ne a Aboabo da ke Kumasi, shekarata talatin da 'yan kai ina riƙe da zarto. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru tsakanina da jikanyata ranar Lahadin da ta wuce.

Yarinyar tana ajin farko na ƙaramar sakandare. Ta iske ni a rumfar aiki bayan la'asar, littafi a hannu, ido ya cika da ƙwalla. An zana mata miƙaƙƙen layi, wani layin ya taso daga tsakiyarsa ya karkata, an rubuta digiri 65 a gefe ɗaya, an ce ta nemo ɗaya gefen. Ta rubuta 25, aka ja mata jan biro. Na ce, "Amarya, me malaminku ya faɗa?" Sai ta rero mini ƙa'idar, cewa kusurwa biyu a kan miƙaƙƙen layi in an haɗa su digiri 180 ne, da Turanci tiryan-tiryan kamar mai biya hadda, ko harafi ba ta bari ba. Na ce to faɗa mini da Hausa. Shiru. Ashe 90 da 180 sun cakuɗe mata, don duk biyun lambobi ne kawai da aka ce ta riƙe, ba ta taɓa ganin su da idonta ba.

Na ɗauko guntun katako na ja layi a karkace, na yanka. Na miƙa mata guda biyun na ce ta mayar da su yadda suke. Ta haɗa, bakin katakon ya koma miƙe sumul. Na ce ta dubi inda zarton ya shiga: guntun dama bakinsa tsini, na hagu bakinsa faɗi, waɗannan kusurwoyi biyu maƙwabtan juna ne. Wuri ɗaya suka taso, katanga ɗaya ce ta raba su, kamar gidaje biyu a Zango. Idan ka tura katangar, abin da wannan ya rasa shi wancan ya samu, fili dai bai ƙaru ba. Filin nan shi ne 180.

Ta ce, "Kaka, me ya sa 180?" Na ce ta miƙe ta fuskanci gabas, ta juya a hankali har ta fuskanci yamma. Rabin zagaye ke nan. Cikakken zagaye 360 ne, lissafin da aka gada tun daga mutanen Babila, rabinsa 180. Sukwayar da nake gwada ƙofa da ita kuwa rabin rabin ce, 90. Na ɗora sukwaya biyu baya da baya a kan benci, gindinsu ya yi layi ɗaya. Nan fuskarta ta washe. Ta ɗauki fensir ta cire 65 daga 180, ta rubuta 115, ba wanda ya faɗa mata. Na ce in na yanka firam ɗin taga a kan 45 fa, nawa ne a bakin guntun da ya faɗi? Kafin in rufe baki ta ce 135.

Duk wannan bai ci minti goma sha biyar ba, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Ban ga laifin malaminta ba, yara sun yi masa yawa, kuma da Turanci aka ce ya koyar. A makarantun Kumasi harshen gida da ake karantarwa shi ne Tiwi, Hausa ba ta cikin harsunan Gana da gwamnati ta ware wa makarantu, duk da cewa gidan rediyon GBC ya daɗe yana watsa labarai da ita. Ɗan Zango ya tashi da Hausa a gida, Larabci a makarantar allo, sai ya tarar da lissafi cikin harshe na uku. Yaya ba zai koma hadda ba?

Roƙona ga malaman makarantunmu na Aboabo, Asawase da Sabon Zango, musamman masu haɗa boko da Arabiyya, waɗanda da yawansu 'ya'yan Zango ne: bayan kun faɗa da Turanci, ku maimaita da Hausa, ku sa wa yaro abin a hannu. Ba sai da katako ba. Takarda ma ta isa, a yanka ta a karkace daga gefenta, yaro ya auna kowane ɓangare da robar nan mai kamar rabin wata da ke cikin gwangwanin lissafi, ya haɗa da kansa. Ƙofar aji ma darasi ce, tana buɗewa kusurwa ɗaya na girma ɗayar na tsukewa. Tambayar BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, da Turanci za ta zo, na sani, amma wanda ya taɓa haɗa guntayen da hannunsa ba zai cire 65 daga 90 ba.

Malamin da ke son guntayen katako kuma, ya aiko yara. Buhu-buhu muke ba masu tuyar ƙosai su hura wuta da su.

Naka,
Wani kafinta, Aboabo, Kumasi