A Ware Wa Yara Shafin Tatsuniyoyin Duniya

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon jaridarku ta ware shafi guda duk mako don kawo wa yaranmu tatsuniyoyin wasu al'ummu da Hausa.

A Jamus, 'yan'uwa biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, sun tattara tatsuniyoyin mutanensu, suka buga kashi na farko a 1812 da labarai 86. Labaran dabbobi na Panchatantra kuwa daga Indiya suka taso, suka bi ta Farisa, har Ibn al-Muƙaffa ya mayar da su Larabci a ƙarni na 8 da sunan Kalila wa Dimna. Duk wanda ya karanta makircin dila Dimna a fadar zaki, sai ya tuna da Gizo.

Marigayi Abubakar Imam ya ɗebo daga irin waɗannan a Magana Jari Ce, ya sa musu riga da hula har ba ka gane baƙi ne. Amma yau ka shiga kantin littattafai neman irinsu da Hausa, sau da yawa sai ka fito hannu rabbana, na Turanci kuwa ga su nan jibge. Abin yana damuna ƙwarai. Muna da mafassara a jami'o'inmu, don Allah ku gayyace su.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya