Rahoton Kwamitin Gyaran Tsohon Masallacin Unguwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan bayani ne daga kwamitin da dattawa da jama'ar unguwa suka ɗora wa nauyin gyaran tsohon masallacinmu na ƙasa, a nan cikin birnin Kano. Alhamdu lillahi, aiki ya kammala, an kuma koma salla a ciki kafin saukar ruwan fari.

Ɓarnar da ta fi tayar mana da hankali tana bangon gabas, wato na alƙibla, domin ta nan hadari yake tasowa, shi ne kuma yake shan dukan ruwa duk damina. Shekarun baya an yi masa shafen siminti da kyakkyawar niyya. Daga waje sumul yake, amma idan aka ƙwanƙwasa sai a ji rami a bayansa. Da magina suka ɓamɓare simintin, ƙasar da ke ciki ta yi laushi har ana iya kwasarta da hannu. Dalilin a fili yake: siminti yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, alhali bangon ƙasa yana shan laima ne ya fitar da ita idan rana ta buɗe. A sama kuma indararo ya toshe, ruwa yana kwana a kan rufi, bakin wasu azarori ya ruɓe.

Kafin a taɓa komai sai da aka yi muhawara mai zafi. Wasu 'yan'uwa sun ce a rushe, a zuba bulo, a buga kwano, a huta. Ba mu raina wannan ra'ayi ba, masu shi su ma alheri suke nema. Amma kwamiti ya ƙi, kuma muna son jama'a su san hujjarmu.

Irin wannan gini ba jiya aka fara shi a Kano ba. Tarihin sarakunan birnin nan ya nuna Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya soma ganuwa, kuma a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) aka faɗaɗa ta, aka gina Gidan Rumfa, aka kafa kasuwar Kurmi. Gidan Makama, wanda yau gidan tarihi ne, shi ma daga wancan zamani ya samo asali. Dukkansu da ƙasa da tubali aka yi su. A Katsina hasumiyar Gobarau tana nan, a Agadas kuma hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa wajen 1515, aka sake ta a 1844. Wannan na Agadas ya isa darasi: ginin ƙasa ba ya daɗewa don ƙasarsa ta farko ce ke tsaye, yana daɗewa ne don kowane zamani akwai hannun da ya san yadda ake sabunta shi. Ba mu cewa masallacinmu sa'an waɗancan ne a shekaru. Abin da muke cewa shi ne sana'ar da ta gina shi ita ce ta gina su, idan kuma kowace unguwa ta rushe nata, magina za su ƙare ba tare da sun bar magada ba.

Matsalar siminti ma ba tamu ce mu kaɗai ba. A Mali, lokacin da gidauniyar Aga Khan ta gyara babban masallacin Mopti tsakanin 2004 da 2006, cikin manyan ayyukan da aka yi har da cire simintin da aka taɓa shafa masa, aka mayar da yaɓen ƙasa.

Samun ƙasa ya ba mu wahala, domin yawancin kududdufan da kakanni suke haƙa a cikin birni an cike su an yi gini a kai. Daga bayan gari aka kawo ta a tifa. Aka kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa, aka tattake, aka bar ta ta kwana biyu tana ruɓa kafin a sake cuɗawa. Tubalin da hannu aka mulmula shi, mai faɗin gindi da tsinin kai, aka shanya ya bushe ƙarau. Babban magini ya hana a yi sauri: sahu ɗaya sai ya sha iska kafin a ɗora wani. Wasunmu sun ƙosa, shi kuwa ko a jikinsa, kuma shi ke da gaskiya.

Rufin ne ya fi cin lokaci, shi ne kuma abin kallo. Azarar giginya gara ba ta cika cinta ba, amma idan ta wuce kimanin mita biyu babu madogara sai ta lanƙwashe da nauyin ƙasa. Dabarar magabata ita ce bakan gizo: a kafa azara cikin bango, a ɗaura wata a kanta ta ɗan zarce gaba, a ci gaba haka daga ɓangarori biyu har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Inda bakuna suka gitta juna aka sami daurin guga. Namu ba a sauke shi ba. An tokare shi daga ƙasa, aka zare ruɓaɓɓun azarori ɗaya bayan ɗaya, aka sa sababbi. Jerin ƙananan azarori da ke tsakanin bakuna an mayar da shi yadda aka same shi, domin shi ne adon ɗakin. Mun ƙi fentin mai. Farar ƙasa aka shafa a ciki.

A waje an yi yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke sa bango ya ƙi shan ruwa, an tayar da zankwayen da suka zube, an sa indararo masu tsawo don ruwa ya faɗi nesa da gindin bango. Mun so a yi wa rufi laso irin na dā, na katsi (abin da ke kwantawa a ƙasan ramin marina) da gashin jima da tsiron dafara, amma katsin da muka samu bai isa ba, sai aka yi shi a gefen indararo kawai.

Akwai inda muka bi zamani. An matsar da wurin alwala nesa da bango, aka yi masa magudana. Wayar lantarki an bi da ita cikin bututu a kan bango, ba a sassaƙe ƙasa an binne ta ba. Fanka ta bango aka sa, kuma muna roƙo kada wani ya rataya komai a jikin azara.

Lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe yana hannun ma'aji, an kuma manna kwafinsa a ƙofar masallaci, duk mai tambaya ya same mu bayan sallar la'asar. Ragowar kuɗin mun ba da shawara a ajiye shi don yaɓen shekara, wanda ya kamata a riƙa yi bayan ɗaukewar damina, kamar yadda mutanen garin Djenne na Mali suke fitowa gari guda su yaɓe masallacinsu kowace shekara. Matasa biyu na unguwa da suka yi aiki a ƙarƙashin babban magini sun amince su riƙa duba indararo da rufi kafin kowace damina.

Muna godiya ga Malam Liman da Mai Unguwa, da iyayenmu mata da suka riƙa aiko wa ma'aikata abinci, da duk wanda ya ba da kuɗi ko ƙarfinsa. Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka fara aza wannan gini.

Sakataren Kwamiti, a madadin sauran mambobi