Koken mutanen Damagaram zuwa ga Mai Martaba Sarki a kan shaidun kisan Janar Bare

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram,
Fadar Sarki, Birni, Zinder.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da ban girma irin ta talakawa ga ubansu. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nasara.

Ranka ya daɗe, mu da muka sa hannu a ƙarshen wannan takarda, wasu da alƙalami wasu da dangwalen yatsa, mutanenka ne na Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam. A cikinmu akwai tsofaffin malaman lakwal, da ƴan kasuwar Dole, da limamai, da iyaye mata, da samarin da ba a ma haife su ba lokacin da abin ya faru. Abin da ya kawo mu ƙofar fada shi ne kisan shugaban ƙasa Janar Ibrahim Bare Mainasara, da halin da shaidun wannan kisa suke ciki.

Mun san za a ce mene ne haɗin Damagaram da jinin Bare. Ai shi ne ya tumɓuke ɗan garin nan, Mahaman Usman, ranar 27 ga Janairu 1996, mutumin da ƴan ƙasa suka zaɓa a 1993. Shi ne kuma a watan Yulin 1996 ya rusa hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'a. Ba mu manta ba, kuma gaskiya da yawa daga cikin dattawanmu ba su zubar masa da hawaye ba. Shi ya sa ma muke ganin maganar ta fi dacewa da bakinmu, don ba mai cewa kukan dangi ne, ko ƴan jam'iyyarsa ne ke neman abin kamfe.

Ranar Juma'a 9 ga Afrilu 1999 aka harbe shi a filin jirgin saman Yamai, yana shirin shiga jirgi mai saukar ungulu. Dakarun da aka ɗora wa tsaron ransa ne suka buɗe masa wuta. A ranar nan firaminista Ibrahim Hasan Mayaki ya fito a rediyo ya ce hatsari ne mai ban takaici. Da yawanmu a tsakar gida muka ji wannan jawabi, an kewaye rediyo ana kallon juna. Kwana biyu bayan nan kwamanda Dauda Malam Wanke, shugaban wannan runduna ta tsaron fadar shugaban ƙasa, ya hau mulki.

Daga nan shakkarmu ta fara. Kalmar farko da hukuma ta faɗa wa ƴan ƙasa ita ce hatsari, tun ba a tambayi kowa ba, tun ba a auna komai ba. Sannan wurin da aka yi kisan, da bindigogin, da kundin sunayen sojojin da ke bakin aiki a ranar, da takardun likita, duk sun koma hannun rundunar da harsashin ya fito daga cikinta. An ba kura ajiyar nama. Ba muna cewa wane ne ya ba da umarni ba, don ba mu gani ba, kuma Allah ya tsare mu da ɗora wa mutum jinin da kotu ba ta ɗora masa ba. Muna cewa ne duk sojan da aka tambaya a watannin nan, a gaban manyansa ya yi magana, albashinsa da galarsa da ransa suna hannunsu. Ko alƙalin fadarka, ranka ya daɗe, in an kawo masa rikicin gona, ba ya karɓar shaidar wanda zai ci riba a hukuncin, kuma yakan bincika adalcin mai shaida kafin ya saurare shi. Abin da ba a yarda da shi a kan iyakar gona ba, da shi aka rufe maganar ran shugaban ƙasa.

Sai aka zo aka sa wa ƙofar kwaɗo. Kundin tsarin mulkin 1999 ya yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 da na 9 ga Afrilu 1999 a tare, majalisa kuma ta mayar da ita doka a Janairun 2000. Iyalan mamacin suka yi ta kai ƙara, ana ce musu afuwa ta riga ta gama magana. Malamanmu sun tuna mana cewa a shari'a yafe jini haƙƙin magada ne, hukuma ba ta yafewa a madadinsu. Balle a yafe laifin da ba a ma faɗi wanda ya yi shi ba. Da suka gaji suka tafi kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda a Oktoban 2015 ta yanke cewa an tauye musu haƙƙinsu na samun shari'a, ta umurci Nijar ta biya su sefa miliyan 435. Kuɗi aka yanke, sunan kowa bai fito ba. Yanzu kuma ƙasarmu ta fice daga CEDEAO tun Janairun 2025, ke nan in za a warware wannan ƙulli, a gida za a warware shi.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne lokaci. Sama da shekara 25 ke nan. Wanke ya rasu a 2004 da abin da ya sani. Waɗanda suka tsaya a filin jirgin a ranar, direbobi da matuƙa da jandarmomi da ma'aikatan asibiti, furfura ta kama su, kuma kowace damina ana rasa wani. Mu dubi makwabtanmu na Burkina Faso. An kashe shugaban ƙasarsu Toma Sankara ranar 15 ga Oktoba 1987, takardar likita ta ce mutuwar Allah da Annabi ya yi. Da aka tone kabarin a 2015 sai aka tarar da alamun harsasai a jikin gawar, amma gwajin ƙwayoyin halitta bai iya tabbatar da ko wane ne ba, ƙasa ta riga ta cinye abin da za a gwada. Abin da ya tsayar da shari'ar da aka gama a Afrilun 2022 shi ne bakin mutanen da suka rage da rai. Takarda mai hatimin hukuma ta yi ƙarya, ƙashi ya kasa magana, da an ƙara jinkiri da shaidun ma sun tafi.

A halin yanzu jita-jita ce ke aikin alƙali. Yaranmu suna jin labarin a saƙonnin murya na WhatsApp, kowa da nasa: wannan ya ce ƴan siyasar da suka yi rikici da shi kan zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairun 1999 ne, wancan ya ce hannun ƙasashen waje ne, wani ya jingina abin ga wata ƙabila ko wani yanki. Har sunan Damagaram akan jefa a ciki, wai ramuwar gayya ce. Wannan zargi ya isa ya sa mu nemi a tace gaskiya.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, shi ne ka ɗauki wannan koke ka kai wa gwamnan jihar Damagaram, ka kuma gabatar da shi a ƙungiyar sarakunan gargajiya ta Nijar, don ya isa Yamai da murya mai nauyi. Muna so a kafa kwamiti na alƙalai da malamai da masana tarihi waɗanda ba su riƙe muƙami a gwamnatin Bare ko ta riƙon ƙwaryar da ta gaje shi ba, da wakilin iyalansa a ciki. A ɗauki shaidar kowa shi kaɗai, da rantsuwa, a naɗi muryarsa, a ba shi tabbacin ba abin da zai same shi ko iyalinsa. Sannan a gwada maganar wannan da ta wancan, a gwada su da takardun filin jirgi da na barikin soja, inda suka saɓa a rubuta cewa sun saɓa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, babban taron ƙasa na 1991, wanda ɗan Zinder marigayi Andre Salifu ya shugabanta, ya kafa kwamitin binciken laifuffuka da cin zarafi. Jami'ar garin nan da ke ɗauke da sunansa za ta iya ajiye kwafin duk abin da aka tattara, don kada ya kasance a akwati ɗaya da mutum ɗaya ke riƙe da makullinsa.

Maganar ɗaure wani ko sakinsa mun bar ta ga hukuma da magada. Mun wakilta dattawa uku daga cikinmu, suna jiran ranar da fada za ta ba su don su zo su yi bayani baki da baki. Sunayenmu da unguwanninmu suna a takardun da muka haɗa da wannan.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Talakawanka na birnin Damagaram.