Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Jami'a Kan Ɗaliban Da Ke Kama Haya a Waje

Ranka ya daɗe, muna gaisuwa tare da fatan alheri.

Ɗakunan kwanan jami'a ba sa isar duk waɗanda aka bai wa gurbi. Ragowar sai su bazu cikin unguwannin da ke kewaye, daga nan kuma ofishin kula da harkokin ɗalibai ya zare hannunsa. Roƙonmu guda ne: jami'a ta buɗe rajistar gidajen hayar da ta duba da kanta, ta fitar da ita rana ɗaya da sunayen sabbin ɗalibai.

Mun ce rana ɗaya ne saboda a makonni biyun farko ake yin ɓarnar. Yaro ya sauka da jakarsa, bai san kowa ba, ga rajistar karatu na jiransa. Dillali ya leƙa da shi wani ɗaki a gurguje, ya ce mutum uku na kan layi. Sai ya tura kuɗin shekara cif asusun dillalin, ba rasit, bai ko ga mai gidan ba. Ranar tarewa ya tarar da wani riƙe da makulli irin nasa.

Dubawar ba wani aikin injiniya ba ne. A ɗaga kai a kalli silin: shatar ruwa a jikinsa na nufin kwano na yoyo, kuma da rani mai gida ba zai faɗa ba. Fentin da ke ɓarewa daga gindin bango damshi ne. A auna tazarar rijiya da ramin masai. In ba ta kai mita 30 ba, ƙazanta na iya tsatstsafowa cikin ruwan, ta nan taifot da kwalara ke shiga. Mitar wuta in ba mai kati ba ce, a nemi takardar biya ta ƙarshe, don bashin wanda ya tashi yakan faɗa kan wanda ya shigo. A ga inda ake ajiye janareta. Wanda aka girke a baranda kusa da taga na iya kashe masu barci, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari. Gida mai ɗaki 20 da ƙofar fita ɗaya, tagogi duk an liƙe da ƙarfe, bai kamata ya shiga rajistar ba ko da kyauta ne.

Sai yarjejeniya. Shafi ɗaya ya wadatar, lauyan jami'a ya tsara: ranar shiga da ta fita, la'adar dillali wadda kada ta wuce kashi 10 cikin 100, wanda zai gyara famfo in ya lalace, da wa'adin maido da kuɗin ajiya, wato wanda mai gida ke riƙewa ko da ɗan haya zai lalata wani abu. Wannan kuɗin ne aka fi cinyewa, da sunan fenti ko tsagewar da tun farko tana nan, shi ya sa hotunan ɗakin na ranar shiga za su zama cikin takardar. A kuma rubuta abin da za a yi idan yajin aiki ya ja zango, domin haya wata 12 take ƙirgawa, ba ruwanta da kalandar karatu. Gara ɗalibi ya biya ƙarin wata biyu a kan tsohon farashi da a tilasta masa sabunta shekara ana tsakiyar jarrabawa.

Mai gidan da aka kama da saɓa yarjejeniya sau biyu, a cire shi daga rajistar, a kafe sanarwar a allon ofishin.

Mun gode, ranka ya daɗe.

Daga wasu masu bibiyar harkar hayar ɗalibai.