A sama wa masu haɗa maganin ciwon daji akwatin kariya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana a kan wani lungu na asibiti da ba kowa ke leƙawa ba, wato ɗakin da muke haɗa allurai.

Shekarata 11 ina wannan aiki a Gusau. Kwanan baya ina zuƙo doxorubicin, wani jan maganin ciwon daji, daga kwalba zuwa sirinji, sai ɗigo ya fallatso a wuyan hannuna, daidai inda safar roba ta ƙare. Na yi ta dirzawa da sabulu gabana na faɗuwa. Shi ma don ja ne na gan shi. Cyclophosphamide kuwa, shi ma maganin ciwon daji ne, in an narkar da shi kamar ruwa yake, ko ya fantsama ba ka sani ba. Irin waɗannan magunguna ba ruwansu da wane ne majinyaci, wane ne mai haɗawa, kuma sananne ne suna iya jawo ɓari. Abokiyar aikina na da juna biyu, shi ya sa na karɓe mata haɗin gaba ɗaya.

Majinyacin ma bai tsira ba. Da hunturu ka goge teburi da safe, kafin azahar sai ka rubuta sunanka a kan ƙura, a nan kuma za a haɗa abin da zai shiga jijiyar mutum. Ko a Amurka, a 2012, allurar da ta gurɓace wajen haɗawa ta kashe sama da mutum 60.

Abin da muke roƙo akwati ne rufaffe mai fuskar gilashi, da dogayen safofin hannu manne a jikinsa. Ka zura hannu ka yi aikinka, maganin na ciki kai kana waje. Matatar iskar da ke jikinsa, wadda ake kira HEPA, na tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙananan ƙwayoyin ƙura, iskar kuma ciki take ja, ba ta busowa fuskar ma'aikaci.

Ina kira ga gwamnatin Zamfara ta sa shi a kasafin lafiya, ko da guda ɗaya ne a babban asibiti, hukumar PCN mai kula da aikin haɗa magunguna a Najeriya kuma ta riƙa dubawa. Don Allah a haɗa shi da sola, domin da an ɗauke wuta fankarsa ta tsaya, kariyar ta tafi. A kuma ware kuɗin canza matatar iskar tun ranar saye, kada ya ƙare a sito an lulluɓe shi da leda.

Wassalam.

Wata mai haɗa magani,
Gusau, Jihar Zamfara