Kaburburan makarantar Dozier da iyakar abin da ƙashi ke iya faɗa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don mu yi bayanin yadda ake binciken mutuwar yara a gidajen horo. Mutane da dama na zaton da zarar an tono ƙashi, shi ke nan gaskiya ta yi halinta. Aikin ya fi haka wuya, kuma makarantar Dozier da ke garin Mariyana a jihar Fulorida ta Amurka ta isa misali.

Gwamnatin jihar ce ta buɗe ta a 1900 don gyaran tarbiyyar yara, aka rufe ta a 2011. Waɗanda suka zauna a can a shekarun 1950 da 1960 sun daɗe suna ba da labarin wani ƙaramin gini da ake kira Farin Gida, inda ake kwantar da yaro rub da ciki a yi ta zabga masa bulalar fata. A ƙarshen 2008 gwamna ya sa hukumar 'yan sandan jiha ta bincika. Suka duba takardu, suka yanke cewa kaburbura 31 ne, daidai da yawan gicciyen ƙarfe da ke kafe a maƙabartar, aka ce babu shaidar da za ta kai wani gaban alƙali. Ba su tona ƙasa ba.

A 2012 ne tawagar Jami'ar Kudancin Fulorida ƙarƙashin Dokta Erin Kimmerle ta shiga aikin, kuma da takarda ta fara: rajistar shiga da fita, takardun shaidar mutuwa, tsofaffin jaridu, da hotunan filin da aka ɗauka daga sama tun da daɗewa. Lissafin mamata ya tasar wa 100, cikinsu har da waɗanda gobarar ɗakin kwana ta 1914 ta ci da waɗanda annobar mura ta 1918 ta kwashe. Sannan aka bi filin da na'urar rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa, layi bayan layi.

A nan ake yawan yin kuskure. Na'urar ba ta ganin ƙashi. Abin da take nunawa shi ne wurin da aka taɓa haƙa aka mayar da ƙasa, saboda haka saiwar bishiya, tsohon bututu da ramin shara duk suna iya fitowa da kamar kabari, kuma laka mai ruwa tana kashe mata gani. Dole a share ƙasar sama a hankali a ga shatar ramin da ido, domin ƙasar da aka mayar launinta ya bambanta da na kewaye. A 2019 wasu ma'aikata sun ba da rahoton alamu 27 masu kama da kabari a wani sashe na filin, hankali ya tashi, da aka tona babu gawa ko ɗaya, galibi saiwoyi ne.

Tonon gaske ya fara a ƙarshen watan Agusta na 2013. An sami kaburbura 55, kuma yawancinsu ba a ƙarƙashin gicciyen suke ba, wasu na cikin kurmi bishiyoyi sun tsiro a kansu. Idan aka kusa gawa sai a ajiye shebur a koma ƙaramin cokalin magini da buroshi, kowace ƙasa da aka kwaso a tankaɗe ta a rariya mai ido kamar milimita 6, don haƙoran yaro da ƙananan ƙasusuwan yatsu suna saurin ɓacewa. Ba a ɗaga komai sai an ɗauki hotonsa an auna inda yake kwance. Ƙusoshi, mariƙin akwatin gawa da maɓallan riga su ne suka taimaka wajen kintatar shekarar binnewa.

Shekarun yaro ana gane su daga fitowar haƙora da kuma ko kawunan dogayen ƙasusuwa sun gama haɗewa. Karayar da ta warke tana barin kumburi. Wadda ta auku dab da mutuwa bakinta santsi ne, launinta ɗaya da sauran ƙashin, ita kuwa wadda ƙasa ko shebur ya yi daga baya sai a ga bakinta fari da kaushi. Amma bulala, yunwa, shaƙewa da zubar jinin ciki ba safai suke barin tabo a ƙashi ba. Shi ya sa a yawancin gawawwakin ba a iya yanke musabbabin mutuwa ba. An ma sami wani ɗan dunƙulen dalma kusa da ƙugun wani yaro, mai kama da harsashin bindigar farauta, duk da haka masu binciken ba su ce shi ya kashe shi ba. Mu a ganinmu daidai suka yi, ko da yake iyalai ba haka suka so ji ba.

Gwajin DNA, wato na ƙwayoyin halittar gado, kuwa ba ya ba da suna sai da ɗan'uwan da za a gwada da shi. Ana ɗaukar samfur daga turmin haƙori ko ƙashin cinya, a goga auduga a cikin kumatun dangi, ta layin uwa ko ta layin uba. George Owen Smith, ɗan shekara 14 da aka kai makarantar a 1940, shi aka fara ganewa a 2014, saboda ƙanwarsa tana raye ta ba da samfur. Lokacin da rahoton ƙarshe ya fito a 2016, bakwai kacal gwajin ya tabbatar, wasu 14 kuma kintace ne bisa shekaru da takardu. Majalisar jihar ta nemi afuwa a 2017, a 2024 aka ware dala miliyan 20 ga waɗanda suka tsira daga Dozier da takwararta ta Okicobi. Ba a hukunta kowa kan dukan ba.

Masu karatu ba su manta da mutum sama da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, a watan Satumba na 2019 ba. Ba mu ce akwai kabari a can ba. Abin da muke jan hankalin hukuma a kai shi ne, a wajenmu aikin zai fi na Fulorida wuya: da likkafani muke binnewa, babu akwati babu ƙusa, itacen da ake jerawa kuma gara ba ta barin sa. Don haka ranar da aka rufe irin wannan gida, a kwashe rajista da littafin karɓar kuɗi kafin su yi ƙafa, a killace harabar kada a zuba siminti ko a yi gini. Likita ya ɗauki hoton kowane rauni da ma'auni a gefensa cikin kwanakin farko, kafin shatar bulala da ta mari su dushe. A tambayi waɗanda aka ceto ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai, sunan duk yaron da suka daina gani, sannan a nemo iyayen waɗannan yaran a ɗauki samfurinsu a adana. Tono kabari kuwa sai da umarnin kotu, da sanin iyalai da malamai.

Wassalam.

Naka,
Wasu ma'aikatan binciken musabbabin mutuwa