A Bar Mujiya Ta Yi Mana Gadi

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, bayan sallama da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina neman ɗan fili in yi magana a kan wani ɓangare na zaman karkara da ba kasafai nake ganinsa a shafukanku ba. Duk lokacin da aka ambaci ƙauye, zancen bai wuce lalacewar hanya da rashin asibiti da wahalar samun taki ba, kuma duk gaskiya ne, ban zo in musa ko ɗaya ba. Amma mu da muke kwana muna tashi a nan, muna da wasu maƙwabta waɗanda ba sa magana, na gida da na daji, kuma abin da ya faru da biyu daga cikinsu ne ya sa na ɗauki alƙalami.

A bayan gidana akwai wata tsohuwar bishiya mai kogo, wadda wasu fararen mujiyu biyu suka mayar gidansu shekara da shekaru. Da safe, idan na fita da karena muna zagaya gona, nakan tsaya a gindinta in ga wasu ƙananan dunƙule masu duhu a ƙasa. Da na fasa ɗaya da tsinke sai na tarar gashi ne da ƙasusuwan ɓera, domin mujiya haɗiye abin da ta kama take yi gaba ɗaya, daga baya ta amayar da abin da cikinta bai narkar ba. Tun daga ranar na fara ganin girmanta. Tsuntsuwa ce da Allah Ya yi wa kunnuwa biyu waɗanda ba su daidaita a tsayi ba, abin da ke ba ta damar gane ainihin inda motsi ya fito ko da cikin baƙin duhu ne, ga fukafukai masu laushi da ba a jin ƙararsu, ta yadda ɓera ba ya ankara sai ya ji shi a sama. Mujiya biyu da 'ya'yansu suna cin dubban ɓeraye a shekara guda, shi ya sa a wasu ƙasashe, kamar Isra'ila da Jodan da Malesiya, manoma suke kafa musu akwatuna a gonaki don su zo su yi sheƙa.

Mu kuwa abin da muka yi daban ne. Wata rana na dawo na tarar yara sun harbe ɗaya da danƙo sun kuma toshe kogon, kuma da na bincika sai na gane cewa manya ne suka sa su, wai kukanta da dare yana hana su sakewa. Kafin shekara ta zagayo ɓeraye sun yi wa hatsinmu ɓarnar da ban taɓa gani ba. Sai aka koma zuba guba, gubar kuma ta kashe kyanwar maƙwabcina bayan ta ci ɓeran da ya sha ta, wato dai an gudu daga gidan gara an faɗa gidan zago.

Kada wani ya ɗauka wannan wautar ta ƙauyawa ce kawai, domin manyan ƙasashe ma sun tafka irinta. A shekarar 1958 gwamnatin Sin ƙarƙashin Mao Zedong ta ƙaddamar da yaƙi da halittu huɗu, wato ɓera da ƙuda da sauro da gwara, bisa hujjar cewa gwara tana cinye hatsi. Aka fito da jama'a suna kaɗa ganguna da tukwane don hana tsuntsayen sauka har su gaji su faɗo, aka fasa ƙwayayensu, aka rushe sheƙunansu. Abin da aka manta shi ne gwara tana cin ƙwari ma, musamman lokacin da take ciyar da 'ya'yanta. Da ta ragu sai fara da sauran ƙwari suka samu sarari, lamarin da ya ƙara tsananta yunwar da ta hallaka miliyoyin mutane a shekarun da suka biyo baya, har ya zama dole a 1960 aka cire gwara daga jerin aka maye gurbinta da kuɗin cizo.

Labarin ungulu a Indiya ya fi taɓa ni, don babu wanda ya yi niyyar kashe ta. A shekarun 1990 makiyaya sun riƙa ba shanunsu wani maganin rage ciwo mai suna dikulofenak, kuma duk ungulun da ta ci mushen dabbar da aka yi wa wannan magani sai ƙodarta ta lalace ta mutu. Cikin 'yan shekaru wasu nau'o'in ungulu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, kafin a haramta amfani da maganin ga dabbobi a 2006. Mushen da ungulu kan share cikin ɗan lokaci ya zama abincin karnukan da ba su da iyayengiji, suka yi ta yaɗuwa a ƙasar da dama take fama da ciwon haukan kare.

Wannan ya kawo ni kan dabbobinmu na gida, inda nake ganin sakacinmu ya fi muni. Muna son kare ya yi mana gadi ya raka mu gona, amma kaɗan ne daga cikinmu suke kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin takaicin shi ne tun 1885 masanin kimiyya Bafaranshe Louis Pasteur ya yi wa wani yaro da kare ya ciza allurar rigakafin wannan ciwo ya tsira, kuma masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, ciwon yakan daina yaɗuwa. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, sannan ya garzaya asibiti a ranar, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana da wuya a tsira. Ba ina cewa a rungumi kowace halitta ba ne. Ni ma ba na fita da dare sai da takalmi da tocila saboda maciji, kuma ina share ciyawar da ke kewayen gida. Sai dai maciji ma ɓera yake bi zuwa cikin gidajenmu.

Lokaci zuwa lokaci nakan kwashi jikokina mu tafi bakin wani tafki mu yini, ba don komai ba sai don su zauna shiru su kalla. Can suka fara bambanta balbela da zalɓe, can kuma na ba su labarin wani babban tsuntsu ɗan uwan shamuwa da aka harbo a arewacin Jamus a 1822, aka tarar da mashi irin na Afirka maƙale a wuyansa, abin da ya taimaka wa Turawa suka gane inda tsuntsayensu suke tafiya idan sanyi ya shigo. Ƙaramin cikinsu, wanda da hannunsa aka toshe kogon nan, shi ya fi kowa tambaya a ranar.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka ware ɗan shafi ko da sau ɗaya a wata, inda likitocin dabbobi da malaman gona da su kansu manoma da makiyaya za su riƙa bayanin waɗannan halittu da harshen da muke ji, musamman idan ranar 28 ga Satumba ta matso, ranar da duniya ta keɓe don yaƙi da ciwon haukan kare. Ni dai na buɗe kogon bishiyar, na kuma kafa akwati a kusa da ita, kuma makonni biyu da suka wuce na sake ganin dunƙulen gashi guda uku a gindinta.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga karkara